Mba Imoru, Maƙerin Mahaɗin Injin Tiyata

Shekara da shekaru, kowace safiya da gari ya waye, Mba Imoru Yidana kan hau tsohon kekensa ya nufi mahauta. Ba nama yake saya ba. Ɗanyen ƙashin cinyar saniya yake zaɓa, ya ƙunshe a buhu ya koma shagonsa a unguwar Sabonjida, cikin garin Tamale. Da hantsi unguwa za ta fara jin wani siririn kuka mai shiga haƙori, warin ƙonannen ƙashi ya biyo baya. Karnuka ba sa bin wannan lungun. Shekara talatin mata suna tsallakawa ɗaya gefen hanya in sun zo wucewa, domin ta taga ana hango ƙasusuwa a rataye, kowanne da huji a jere kamar sarewa.

Kaɗan ne suka san gwaji yake yi. A da, kayan injin niƙa yake sassaƙawa. Wata rana wani likitan ƙashi, Dokta Abdulfatawu, ya kawo masa injin huda ƙashi da aka ba ƙaramin asibitinsu kyauta. Injin lafiya lau, amma bakinsa bai dace da tsinken huda da zarton da suke da su ba.

"Mba, ka haɗa mini su," in ji likitan. "Abin ya riƙe gam, ya buɗe da hannu ɗaya ko safar hannuna ta jiƙe da jini, ya kuma jure tukunyar tururin da muke dafa kayan tiyata."

Wata huɗu Mba Imoru yana zane yana gogewa. Abin da ya fitar bai fi babban yatsa ba: mahaɗi na ƙarfen da ba ya tsatsa, da zobe da ake ja baya, da ƙwayoyin boris uku da ke faɗawa cikin tsaga su kulle tsinken. Bai bar lungu ko ɗaya da jini zai maƙale ba. Sai da ya huda ƙashi ɗari kafin ya yarda a kusanci mutum da shi.

Sista Batulu, nas ɗin da ke dawo masa da mahaɗin bayan tiyata don ya duba, ta ce har yau gabanta na faɗuwa in ta shiga shagon. Yakan kwance mahaɗin a kan farin ƙyalle, ya wanke shi a hankali kamar mai wankan gawa. Wani lokaci sai ya tsaya, ya ƙura masa ido.

"Wanda aka yi wa aiki da wannan bai tashi ba," ya ce mata wata rana.

"Mba, wa ya gaya maka?"

"Dokta ya danna da ƙarfi nan. Hannunsa ba ya yin haka sai jini ya ƙi tsayawa."

Gaskiya ne, mutumin ya rasu a kan gadon tiyata. Ta ce bai taɓa kuskure ba, shi ya sa ta daina tambaya.

Shekara uku da suka wuce, babur ya buge Humu, wata mai sayar da nono daga rugagen bayan Dungu, cinyarta ta karye. Ranar da ake mata tiyata Mba Imoru ya zo asibitin da rana tsaka don kawo sabon mahaɗi. Ya zauna kan benci, ya jingina ƙeyarsa da bangon ɗakin tiyata. Masu jinya suka ga ya buɗe ido, ya miƙe ya fara dukan ƙofar.

"Ku ce dokta ya tsaya. Yanzu."

Maigadi ya riƙe shi. Sista Batulu ta leƙo, ta ga fuskarsa, ta koma ciki. Kukan injin ya ɗauke. Dokta Abdulfatawu ya taɓa tsinken, sai ya zare a hannunsa, ba a ja zobe ba. Ƙwayar boris ɗaya ta rabe biyu. Tsakanin tsinin da babbar jijiyar jini bai fi faɗin yatsa ba. Aka dafa sabon mahaɗin a tururi, Humu na kwance a buɗe, shi kuma Mba Imoru yana tsaye a waje fuskarsa a bango, leɓɓansa na motsi.

Abin da har yau ke ɗaure wa ma'aikatan kai shi ne, a lokacin Mba Imoru ya riga ya kurumce. Sallama ma sai an taɓa kafaɗarsa. Da likitan ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, cewa kawai ya yi, "Ba da kunne na ji ba."

Bai karɓi godiya ba. Ya ce, "Aikina ne ya karye." Cikin mako guda ya bi asibitoci ya karɓo duk mahaɗan da ya taɓa ƙerawa, ya canza musu ƙwayoyi, ya sake gwada kowanne. Humu ta warke, tana tafiya da ƙafarta, ba ta ma san sunansa ba.

Mba Imoru, kai ne wanda hannunsa ya shiga ɗakin tiyata sau dubu, ƙafarsa ba ta taɓa shiga ba. Kai ne ka jure a kira ka matsafi, ba ka tsaya wanke kanka ba. Maƙerin da ya amsa laifinsa kafin a tuhume shi, mun gode. Manoma da 'yan kasuwa da ke taka ƙasar Tamale da ƙafafun da aka ɗora sun gode, ko ba su san wa za su gode wa ba. Allah ya saka maka da alheri.

Bana hannunsa ya fara rawa, ya ajiye aiki. Ya bar littafi guda cike da zane da awo, ya ce na duk wanda zai zo ya zauna ya koya ne. Masu sassaƙa ƙarfe na Zogbeli da Sabonjida, ku je tun yana da rai. Mahaɗai tara ne suka rage suna aiki a garin nan, kuma ƙarfe yana gajiya. Ranar da ɗaya zai karye, babu mai zama a wancan bencin.