Teɓar Valdo da Shari'ar Agwagwa

Ƙanena Dorivaldo, wanda duk unguwar Jurunas ke kira Valdo, tun yana saurayi yake jigilar kwandunan 'ya'yan itacen asai a kwalekwale daga tsibirai zuwa kasuwar birnin Belem. Abu uku ya tara a wannan sana'a: baƙar fata, tarin taba, da teɓa wadda take riga shi shiga ɗaki. A gadon lilo, irin na zane da ake ratayewa, aka haife shi, a ciki yake kwana, a ciki kuma ya yi niyyar mutuwa.

Tabar ce ta toshe masa jijiyar jinin ƙafar hagu. Yatsun suka yi sanyi, tafiya ta gagara. Likita ya tsaga shi a gindin cinya, daidai inda teɓar take sauka ta huta, ya sa masa jijiyar roba. Ranar sallama ma'aikaciyar jinya ta ja masa kunne a gabana: wurin ya zauna a bushe, ya sha iska, in ya ga ja ko ruwa ya dawo da gudu, don in ruɓa ta kai ga robar, ƙafar ce za ta tafi. Valdo ya yi ta gyaɗa kai, idonsa na kan gashinta.

Mu nan kowa ya san mai ɗanyen ciwo ba ya cin alade, ba ya cin jatan lande ko ƙaguwa, ko agwagwa, ko kifin da ba shi da ɓawo. Matarsa Jacirema ta tsare wannan doka kamar soja. Kaza da garin rogo, safe da yamma. Shi kuwa ya faɗa gadon lilonsa ya naɗe kamar ƙosai a leda, teɓa ta rufe ɗinkin ruf, ga zafin garinmu da ruwan sama na kullum.

Da wurin ya fara tsami, ba wanda ya ce a duba. Tambayar da aka yi ita ce: wa ya ba shi abin da aka hana?

Aka kafa shari'a a ƙofar gida. Jacirema ta tuhumi maƙwabciyarsu Dona Odaleia, wai ta dafa agwagwa ranar Lahadi.

"Ni ko romo ban ba shi ba!" in ji Odaleia.

"To ƙamshin fa? Ta tagarmu ya shigo. Ina kallo yana haɗiyar yawu."

"To ki ɗaure masa hanci, 'yar'uwa, ni ba zan daina girki don mijinki ba."

Ana ta wannan, mai ciwon yana lilo a ciki, yana shafa man itacen andiroba na gargajiya ta ƙarƙashin zane yana rawar ɗari. Na shiga na tsaya a kansa.

"Ɗaga mu gani."

"Haba Yaya! Wurin ai ba na nunawa ba ne."

"Kai rufe mana baki. Ni na yi maka tsarki har ka yi wayo. Kuma rabin matan tsibiran nan sun ga wurin, ba wadda ta suma."

"Yaya, Jacirema tana ji!"

"Ta daɗe da sani. Ɗaga."

Da hannu biyu ya tallabo teɓar. Warin da ya taso sai da ya kori kyanwa daga ɗakin. Wurin ya yi jawur, ya kumbura, ɗinkin ya buɗe baki yana zubar da mugunya. Nan wasa ya fita daga raina. Na leƙa waje na ce wa alƙalan su ɗage zama, Odaleia ta kira ɗanta mai tasi.

A asibiti aka sake buɗe ciwon aka wanke. Muna zaune a benci, Jacirema tana jan carbinta, ni ina zagin taba a zuci. Wata likita ta fito ta ce ruɓar ta tsaya dab da robar, ba ta taɓa ta ba. Jacirema ta miƙe ta ce, "Likita, don Allah, agwagwar ce ko?" Likitar ta ce ita dai ba ta ga agwagwa a ciki ba, gumi ta gani, da fata a kan fata. Mutumin da ya ji kunyar yayarsa, sai ga shi kwance ɗaliban likita sun kewaye shi, an manne teɓar sama da filasta, kowa yana leƙawa yana rubutu.

Ya dawo gida da ƙafafunsa biyu, da sharaɗin ba shi ba gadon lilo har ciwon ya rufe. Aka aro masa gadon katako. Ya ce ba zai iya barci a kan abin da ba ya motsi ba, ai wannan kwanciyar gawa ce. Jiya da azahar na leƙa su. Yana miƙe samɓal yana minshari, fanka tana hura masa gindin cinya, Jacirema kuma tana zaune tana tsince wake, ta sa ƙafa ɗaya tana girgiza gadon. Ta ɗago ta harare ni.

"Yaya, in kika faɗa wa wani, ba ni ba ke."