Ranar da Baba Ya Ƙi Yabona

Wata Talata ce a watan Mayu, shekarar da zan gama kolej, wato ƙaramar sakandare, a unguwarmu ta Minguettes a Faransa. Baba ya nemi izini a luzin, masana'antar da yake aiki a Saint-Fons, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka tafi ganin madam mai raba ɗalibai: wa zai wuce lise, babbar sakandare, wa za a tura koyon sana'a. Ni lise nake so, don ta nan hanyar zama lauya ta bi.

A jikin firijinmu na tsinci wannan buri. Baba ya yanko hoton wani lauyan Ingila daga jarida ya manna, mutum da hular gashin doki a ka, kuma ya san tarihinsa kamar tare suka yi wasan ƙasa a Damagaram: ɗan ma'aikacin masana'anta ne, ya kare talakawa a kotu, ya ci zaɓe ya shiga majalisa. Ina wanke kwanuka, shi yana maimaita wa Inna labarin, ya rufe da, "Waccan ma haka za ta zama." Waccan ni ce. Ni 'yar fari ce, Baba ba ya kama sunana, balle ya yabe ni a gaban mutane. In mun sauka ƙasan bene wasa kuwa, ni ke ɗora tsumman goge ɗaki a kai in yanke wa yaran unguwa hukunci.

Madam ta tambaye shi ko yana ganin ina da ƙoƙari. Baba ya sunkuyar da kai. "Ai yarinya ce kawai, madam, sai wasa. Ku kuka san ta."

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san uba ne alfahari ya cika wa ciki. Madam kuwa ta rubuta cewa iyaye sun amince a tura ni koyon sana'a, ta miƙa masa biro. Ya sa hannu, har da godiya. Sakamakona yana gabanta, mai kyau, kuma yi wa Baba tambaya ta biyu bai fi ƙarfin mai digiri irinta ba. Amma takardar koyon aikin sakatariya a cike take tun kafin mu zauna. Na gani da idona. Kunyar Baba ta sauƙaƙa mata aiki ne kawai.

Shekarun da wasu suka yi a lise, ni na yi su ina buga wasiƙun mutane, sannan na zagayo ta doguwar hanya. Ranar da na yi rantsuwar lauya a Paris, Baba ya daɗe yana kallon kaina, ya juya ga Inna: "Waccan ba a ba ta hular ba?" Aka ce masa a Faransa ba a sawa. Ya ce, "To, ba laifi."

Yanzu nakan yabi 'yata a gaban malamanta har ta rufe fuska, don na ga abin da shiru ke jawowa a ƙasar nan. Baba ya rasu, hoton lauyan nan ya koma ofishina. Kowa yana kiran sunana, har alƙalai, amma babu mai ce mini waccan.