Ilu da Kujerar Maigida

Duk kun san ƙanena Ilu direba, ba ya murɗa makulli sai ya tsunkuli igiyar kujerar nan. Kujerar yara ce ta mota, daga Kano ya sayo ta ya kafe a baya. Zai ɗaure yaro, ya kai yatsu kan igiyar kafaɗa ya tsunkula. In ta kamu, ya ƙara ja. In ta ƙi kamuwa, ya ce, "Yanzu mutum ya zauna." Sannan bisimilla.

Ni kuwa tara na goya, ban kayar da ko ɗaya ba. Ranar da za mu mai da jikana Maigida gidansu a Kusada, bayan uwarsa ta gama wankan jego a Kankia, na shiga mota na gyara cinya.

"Yaya, miƙo shi."

"Cinyar tawa mutuwa ta yi?"

"Cinyarki ba ta da bel."

Ya kashe mota, ya ɗauko asawaki. Muka gasu a rana har uwar yaro ta fara hawaye. Da na miƙa, sai na ga ya kwantar da shi yana kallon baya! Na ce, "Ilu, da ƙeya zai shiga garin ubansa?" Ya ce, "Wuyansa bai yi ƙwari ba. Kusada kuma ba gudu za ta yi ba."

Yaro ya yi ƙafa, ya yi baki, yana nan yana kallon inda muka baro. Ilu ya rantse ba zai juya kujera ba sai kan yaro ya kusa kamo samanta. To, ni ma ai ina da wayo. Ranar Sallah na cusa tsohon ɗankwalina cikin hular yaron, ya yi tsawo zanƙal. Ilu ya ɗaga hula, ya zaro ɗankwali, ya ce, "Masha Allah, Yaya, wannan kam ya girma. Shi zai zauna gaba."

Da aka juya kujerar kuwa, sai ya dawo kaina. Na ce ni ba akuya ba ce da za a ɗaure. Sai in ja bel in riƙe cikin mayafi, yana zaton na maƙala. Wata rana dab da Bauranya saniya ta faɗo hanya, Ilu ya taka birki. Goshina ƙum! Ƙwaryar fura a jikina, goron bakina ban san inda ya nufa ba. Na waiga, Maigida ko gezau, yana tafi yana cewa, "Kaka, sake!" Ilu ya dubi ƙulun goshina ya ce, "In sayo miki taki?"

Kafin ya kwanta ciwo ya kawo wata 'yar kujera mai ɗaga yaro, don bel ya bi kafaɗa. Bayan rasuwarsa ɗana ya ce Maigida ya isa zaman manya, a cire ta. Na sa aka zaunar da shi ba ita, bel ya hau wuya. Na tsaya gaban mota na riƙe ƙugu har aka mayar. Ƙanwar Maigida jaririya na cikin tsohuwar kujerar, tana kallon baya. Na tsunkuli igiya, ta ƙi kamuwa. Sai maganar Ilu ta faɗo mini, "Yanzu mutum ya zauna."

Allah Ya jiƙanka, Ilu. Yadda ka lallaɓa 'ya'yan mutane har gida, Allah Ya kai ka gida lafiya. Amin.