Kujerar Baba da Ranar Yafa Iri

Tsohuwar motata ta mutu ne a kan hanyar Bunkure, ina ɗauke da buhunan taki a bayanta. Bakanike ya buɗe ya leƙa, ya ce injin ya buga, ƙasan motar ma laka da taki sun cinye shi, gyara ɓata lokaci ne. Muka jawo ta bayan injin casar shinkafata a Kura muka ajiye, kaji suka mayar da ita gidansu.

Ba wata motar a-zo-a-gani ba ce, amma tana da abu guda. Kujerar baya ta hannun dama, wadda mai mota ke hakincewa a kai, tana da maɓalli a gefe. Idan ka danna, bayanta ya kwanta a hankali, wani matashi kuma ya taso daga ƙasa ya ɗaga maka ƙafafu. Tun da Baba ya zame a bakin rijiyar masallaci ya karye a ƙugu, kujerar nan ta zama tasa. Ƙashin ya ɗinke a karkace, ba ya iya zama da gwiwa a lanƙwashe, yana gwadawa sai gumi ya karyo masa. A wannan kujerar kaɗai yake iya fita daga gida. A cikinta muke kai shi asibiti a Kano, a cikinta yake zuwa gona.

Don haka na ce wa dillalin da ke kawo mana motoci daga Kwatano ya samo mini irinta sak, amma ƙirar baya-bayan nan. Ranar da ta iso, ko injin ban duba ba, ƙofar baya na buɗe na shafa gefen kujerar. Babu maɓalli. Na durƙusa na leƙa ƙasa, babu komai. Na kira dillalin a waya.

"Alhaji, ai kamfanin ya daina sa wannan kujerar," in ji shi. "Wai masu sayenta ba su da yawa. Ko sabuwa dal ka sayo a leda, babu ita."

Abin da na gaya masa ba zai rubutu ba. Ni dama ba na cikin masu haɗiye magana.

Muna da majalisa a gaban injina bayan la'asar, masu casa da dillalan shinkafa da 'yan tumatir. Mu mutanen Kura idan ɗaya ya sayi abu ya ji daɗinsa, sai kowa ya bi, shi ya sa irin motar nan ta yi yawa a cikinmu. Labarin ya riga ni zuwa. Wani dillali mai kai shinkafa Legas ya dafe ƙirji ya ce shi a kujerar nan yake barcinsa har Lokoja, tasa kuwa ba zai sayar ba ko za ta zama gwangwani. Daga ranar ya fara lulluɓe ta da tamfol. Wani Alhajin tumatir daga Bunkure ya ce gara da suka cire, mutum da lafiyarsa ya baje a mota kamar mai jego, lalaci ne kawai. Muka tuna masa cewa shi kwandunan tumatir yake ɗorawa a tasa kujerar. Ƙaraminmu, wanda ba ya rabuwa da waya, ya ce a ƙasashen waje ma masu motar sun yi caa a kan kamfanin, wasu na cewa sun bar sayen kayansa.

"Mu ma mu rubuta musu petition, takardar koke, da sunan ƙungiyarmu," in ji shi.

"Mu da muke sayen wadda suka gama hawa?" in ji dillalin shinkafar. "Wanda ya ƙera ta ko sunan Kura ya taɓa ji?"

Aka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Su maganar barci da girma suke yi, ni kuwa buhunan irin da na jiƙa nake tunawa.

A gidanmu, tun daga kan kakanmu, ba wanda ke yafa irin shinkafar rani na farko sai babba a gidan. Shi zai ɗebi hannu guda, ya yi bismilla da addu'a, ya watsa a fangalin da ake rainon iri kafin dashe, sannan sauranmu mu shiga. Tun da ruwan kanal ya iso gonakinmu Baba bai taɓa fashi ba, ko bayan karayarsa. Shekarar nan kuwa mun riga mun jiƙa irin mun rufe shi a buhu, har ya fara fito da farin tsiro. Irin da ya tsira ba ya jiran kowa.

Na cika kujerar bayan sabuwar motar da matasai na jingina, ni da Yaya, wato wana, muka ɗora Baba. Ba mu fita daga layinmu ba ya ce a tsaya. Leɓensa ya bushe, hannunsa ya damƙe ƙofar. Da muka mayar da shi ɗaki muka kwantar, ya kalli Yaya ya ce, "Kai ka yafa bana. Ai dama lokaci ya yi." Ya juya fuskarsa bango. Ranar ko kunun da Inna ta dama masa bai sha ba.

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na san mahaifina. Mutumin da ya yi mana faɗa a kan gadon asibiti don an makara wajen ba albasa ruwa, idan ya ce lokaci ya yi, ba maganar shinkafa kaɗai yake yi ba. Na tabbata idan aka yafa irin nan ba shi, ba zai sake neman fita daga ɗakin ba.

Yaya ya ce, "Tunda ya yi umarni, sai mu bi."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma ba wanda zai taɓa buhun nan sai ya zo."

Na zagaya bayan injin na kori kaji, na kwance tsohuwar kujerar na wanke ta da sabulu. Na kira mai walda da mai wayarin. Mai walda ya auna, ya sake aunawa, ya ce ramukan noti ba su dace ba, sai an yanka ƙasan sabuwar motar. Kafin ya rufe baki 'yan majalisa sun kewaye mu. Wannan ya ce motar da ko lamba ba a sa mata ba za a yanka? Wancan ya ce ranar da na tashi sayarwa zan yi kuka. Na ce wa mai walda, "Malam, da kai nake magana ko da su? Yanka."

Ya yanka. Ya haɗa wani ƙarfe mai kusurwa huɗu ya ɗora kujerar a kai, ya ɗaure da noti. Mai wayarin ya jona karo na farko, fis ɗin wuta ya ƙone. Ya sake jonawa, aka danna maɓalli sai hon ya kama kuka, 'yan kallo har da masu riƙe ciki. Ban bar su sun tashi ba sai da kujerar ta kwanta ta ɗaga ƙafa yadda na san ta. Kujerar ruwan ƙasa ce a cikin mota mai baƙaƙen kujeru, muni dai ta yi muni.

Da safe muka ɗauko Baba. Fuskarsa a murtuke take. Amma da muka kwantar da shi, da kansa ya lalubi maɓallin ya gyara kwanciyarsa.

Mun bi gefen babban kanal lafiya, ga ƙannenmu biyu a baya a kan babur da buhunan iri. Da muka zo inda ake karyawa zuwa gonarmu, sai muka tarar ruwa ya rusa kwalbatin da ake haurawa. Babur ma da ƙyar, balle mota. Gonar kuwa tana can ciki, sai an bi siririyar hanyar da ke tsakanin fangaloli. Yaya ya ce a kawo wa Baba kwanon iri ya yi addu'a daga nan, ya isa. Baba ya kalli kwalbatin, ya kalli can nesa, ya lumshe ido.

Na buɗe bayan mota na ɗauko sifana. Notin da mai walda ya ɗaure jiya ba su yi gardama ba. Na zare wayar, muka fito da kujerar a kwance yadda take, Baba na kai. Muka ari gora biyu daga rumfar masu tumatir muka zura a ƙarƙashin ƙarfen, ƙannenmu suka kai buhunan gona suka dawo, mu huɗu muka saɓa a kafaɗa. Rana ta fara zafi, Baba ya ja farin mayafinsa ya rufe fuska. Hanyar da santsi, muna tafiya a hankali, ba mai magana, kowa na duban inda zai sa ƙafa.

Na ga wani ya ajiye fartanya ya miƙe. Na ji an kashe injin ban ruwa a wata gonar, sannan a wata. Na hango mutane a bakin ƙaramin kanal suna wanke laka da sauri suna alwala. Ban kawo komai a raina ba, nauyin gorar ya ishe ni. Can sai na ji takun mutane a bayanmu, shiru, sahu-sahu. Wani ya dafa kafaɗata.

"Kawo in karɓe ka," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Allah ya jiƙansa. Yaushe abin ya faru?"

Sai a lokacin na ga abin da suke gani. Maza huɗu ɗauke da mutum a kwance, an rufe shi da fari, ga maƙabartar ƙauyen a kan tudu gaba da gonarmu. Zuciya ta taso mini. Na buɗe baki zan zage shi, sai Baba ya yaye mayafin. Mutumin ya ja da baya yana salati, ƙafarsa ta zurma cikin fangali.

Baba ya ce a sauke shi. Dama mun kusa, muka ƙarasa muka ajiye shi a bakin fangalin iri. Mutanen suka tsaya cirko-cirko, hannayensu na ɗigar ruwan alwala, kunya ta hana kowa motsi. Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. A cikinsu har da wani tsoho maƙwabcin gonarmu, wanda suka daɗe ba sa gaisawa saboda rigimar juyin ban ruwa.

"Har da kai?" in ji Baba.

"Har da ni, Malam," in ji tsohon, kansa a ƙasa.

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To madalla. Na ga masu raka ni, hankalina ya kwanta. Amma ba yau ba ne. Tunda kun yi alwala, ku matso ku ce amin."

Suka matso. Yaya ya kwance buhu ya cika kwano, na riƙe wa Baba. Baba ya yi addu'arsa, muryarsa ba ta kai ta bara ba, amma amin ɗin ranar har gonakin nesa an ji shi. Ya ɗebi irin ya watsa. Irin bai yi nisa ba, nan bakin fangalin ya zube. Ya dubi inda ya zube ɗin, ya ɓata rai, ya miƙo mini hannu ya ce in matso da kwanon ya sake.