Isiyaku da Gungumen Kirya

A unguwar Jakara cikin birnin Kano, in ka ce Isiyaku Masassaƙi, ba mai tambayarka wanne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, turmi da taɓarya da akushi yake sassaƙawa da gizagon da ubansa ya bar masa. Mutumin nan ba ya tsoron maciji, ba ya tsoron aljanin kuka, amma ka ce masa "malamin daji", yanzu ka ga gumi.

Yana da dalili kuwa. A shekarun nan na bayan alif ɗari tara da hamsin, hukumar En'e ta matsa kan dokar itace. Ba ka sare kirya sai da lasin, kuma lasin kaɗai bai isa ba, sai malamin daji ya buga wa gungumen hatimi da guduma a gindi. Da idonsa Isiyaku ya ga an kama maƙwabcinsa Mamman da gungume marar hatimi. Aka kwashe masa kayan aiki, aka kai shi gidan yari, da ya fito sai dako a kasuwar Kurmi. Tun ranar Isiyaku yake kallon gizagonsa gabansa na faɗuwa.

Don haka da ya samu wata kirya can bayan Ƙofar Kabuga, sai da ya yanki lasin, Malam Lawal malamin daji ya buga hatimi, sannan ya turo ta gida a amalanke. Turmi ba ya zama sai gindinsa ya daidaita, sai ya yanke faifan da ke ɗauke da hatimin ya jingine shi a bangon soro don shaida. Kai, turmi ya fito! Shi kansa ya san bai taɓa yin irinsa ba.

To, a gidan masassaƙi, duk abin da ya faɗo daga bakin gizago na uwargida ne, murhu za shi. Haka uwarsa ta yi, haka matarsa 'Yardada take yi, ba a taɓa neman izinin kowa ba.

Wata rana da hantsi Jibrin mai aski ya leƙo ya ce, "Malam Isiyaku, malamin daji na tambayar gidanka. Wai bayan la'asar zai zo."

Isiyaku ya duba jikin bango. Wayam!

"'Yardada! Ina faifan itacen da ke nan?"

"Wanne? Ai shi ya dafa maka wake jiya. Wallahi ya yi garwashi mai kyau."

Innalillahi! Tsoro ya kama shi. Ga turmin kirya a tsakar soro, ba hatimi. Wa zai yarda? Ya tuna Mamman da buhu a ka. Ya dubi turmin, ya dubi gizagon ubansa, sai ya ɗauko gatari.

'Yardada na cewa "Malam, lafiya?" shi yana sara yana hawaye. Kafin azahar turmi ya zama faskare, ya tura shi murhu da hannunsa.

Bayan la'asar sai ga sallama. Malam Lawal ya jingine kekensa, ya zauna yana fara'a.

"Malam Isiyaku, ina turmin? Tun da na buga wa kiryar nan hatimi na ce ba mai daka a cikinta sai innata. Shi ya sa na biyo ka har gida."

Gizagon na nan rataye a bango, ba wanda ya ko kalle shi. Daga cikin gida hayaƙi ya biyo zaure, Malam Lawal ya shaƙa ya yi dariya.

"A'a, lallai gidan masassaƙi! Har tuwo ma da kirya ake tuƙawa?"