Shekarar da Aka Keta Dokar Gaɓa

A gidanmu na Wudil ba a cewa an karya doka. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta yarda da kalmar ba. In ta ji wani ya faɗa sai ta gyara masa: "Abin da ya karye ai maɗori ake kai wa ya ɗora. Doka keta ta ake yi, kamar zane. Da zarar baki ya tsage, sauran bi yake yi."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai shekarar da masu tifa suka fara shigowa bakin kogi. Gidanmu ne na ƙarshe a unguwa, tsakaninmu da ruwa sai gonarmu da wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Tun mahaifinmu na da rai dattawa suka hana ɗiban yashi daga gindin mangwaron zuwa gaɓa. Babu allo, babu shinge. Kowa dai ya sani.

Yayana ne ya nuna wa direban farko hanya. A lokacin ba shi da aikin yi, ga iyali. Da hantsi na hango tifar ta ja da baya har inuwar mangwaron, leburori suna ta loda mata yashi da shebur.

Da ya shigo cin abinci, Inna ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Kai ka kawo su?"

"Inna, mota ɗaya ce fa. Yashi ai ruwa ke kawo shi, damina ɗaya ta cike ramin."

"Ka keta," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba.

Ya dube ni ko zan sa baki. Na ce, "Yaya, da ka bari an gaya wa mai unguwa tukuna."

"Kai malamin makaranta ne, aikinka na jiranka kullum," ya ce, ya tashi ya bar tuwon.

Bai sake kawo kowa ba. Amma sawun tayar ya riga ya zama hanya, waɗansu tifofin suka biyo, na mutanen da ba mu taɓa gani ba. Mai unguwa ya kore su, suka dawo. Kafin ruwa ya sauka ramin ya fi tsayin mutum, saiwoyin mangwaron sun fito fili, farare fat.

Da damina ta yi nisa kogi ya kawo, ja wur. Bai shigo gida ba. Sai dai muna zaune a tsakar gida mu ji gaɓa ta zube, dum, kaji su watse, sannan shiru. Wata Juma'a muka dawo daga masallaci muka tarar babu mangwaron. Ruwa ne kawai ke juyawa a wurin.

Yayana ya daɗe a tsaye a bakin gaɓar yana kallon ruwan. Da la'asar ya zo da kansa ya kwashe kayan Inna daga ɗakin baya, mai kallon kogi, zuwa na kusa da zaure, tana zaune a tabarma tana jan carbi.

Bana ma ruwan ya ci rabin gonar. Ɗakin bayan nan har yau ba mai kwana a ciki. Ta tagarsa kana ganin fuskokin masunta idan kwalekwale ya gifta.