Gwaji na Tamanin da Biyar

Souwaiba Lukumanu shekarunta talatin da ɗaya, shida daga ciki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Agadas, inda ake ƙera aplikasiyo na wayar salula. Ita ba ta ƙera komai. Kafin a saki aplikasiyo, masu ƙera shi kan rubuta jerin gwajin da za a yi masa, ita kuma ta karanta ta ce ya isa ko bai isa ba. Takarda ɗari biyu da tara ta sa wa hannu, ta mayar da arba'in da bakwai.

Abokan aiki na mata dariya don ba ta karatu sai ta lumshe ido. Kowane layi sai ta ga mutum a cikinsa, da yatsansa a kan waya. Tana yarinya takan bi mahaifinta, mai fataucin albasa, zuwa Tabelot, a saman buhuna, duwatsu na wucewa kamar raƙuma a kwance. Yawancin mutanen da take gani na can ne.

Wata Talata, Mourtala, shugaban masu ƙerawa, ya ajiye mata shafi goma sha ɗaya. Aplikasiyo ne da masu lambu za su kama wa albasarsu gurbi a kamiyo, babbar motar kaya, don kada ta ruɓe a jiran mota. Saura kwana tara a fara cire albasa. In ba ta sa hannu ba, sai baɗi.

"Hajiyar mafarki, gwaji tamanin da huɗu ne. Ƙirga da kanki."

Ta ƙirga, hakan ne. An gwada rezo, wato layin sadarwa, mai yankewa, an gwada baturi mai mutuwa. Aiki mai kyau. Ta ɗauki bik ɗin sa hannu, ta lumshe ido.

Sai ga lambun wani tsoho, Ilyas, abokin mahaifinta: ruwa na gangara tsakanin fangali, ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya, inuwar dabino. Ta ga mutum ɗaya na hawan tudun da ake samun rezo, waya guda a aljihu, saƙon gida goma sha biyu a ka. Haka ake yi a can: wanda zai hau, shi ke isar da na kowa.

Ta buɗe ido.

"Mourtala, lamba ɗaya, mutum nawa za ta yi wa rajista?"

"Ɗaya mana. Don hana maguɗi."

"A Tabelot waya ɗaya gida sha biyu take wa aiki. To albasar sauran sha ɗayan fa? A ƙasa za ta ruɓe?"

Ya jujjuya kofin shayi. "Yanzu za ki ƙone mana kwana tara?"

"Huɗu. Biyu ka gyara, ɗaya mu je, ɗaya mu dawo."

Ta rubuta na tamanin da biyar da hannunta: waya ɗaya, masu lambu goma sha biyu, a kan tudu, da rana tsaka.

Ranar Juma'a a Tabelot, Mourtala ya hau tudun yana haki. Ilyas ya goge yatsa a rawani, ya shigar da sunan farko, na biyu, na uku. Souwaiba na ƙirgawa a hankali, iska na kawo mata ƙanshin lambunan. Suna na goma sha biyu ya shiga, ta shimfiɗa takardar a kan dutse, ta sa hannu.